Akwatin Wutar Yaya da Namijin Tarwaɗa

Na fi shekara ashirin ina gyaran kayan lantarki a Haɗeja, a wata 'yar rumfa da ke bayan masu sayar da bandar kifi. Duk abin da ya kwana a hannuna da ƙaurin kifi yake komawa gida, masu kaya har sun daina mita. Da rediyo na fara, na koma talabijin, yanzu kuwa caja da fitilun sola da wasu tarkacen da ban ma san sunansu ba ake jibgo mini. Ina da saurin fushi, kowa a layinmu ya sani, kuma na tsani mai kaya ya tsaya a kaina yana koya mini aikina. Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai a kan wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu biyu ba. Har yanzu yana nan a kan kantata.

Na Yayana ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba ni ne ƙarami, kuma har yau da furfurata Auta yake kirana. Ni na gudo birni tun ina saurayi, shi ya tsaya a ƙauyenmu da ke gaba da Auyo, yana su yana noman shinkafa kamar yadda mahaifinmu ya yi. Sai ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya. Shinkafar da ya koma ya dogara da ita kuma ambaliya ta cinye ta damina biyu a jere. Mutum ne mara yawan magana, ko abu ya dame shi sai dai ka ga ya rame. Wata rana ya zo rumfata ya ce ya gaji da jiran kogi, zai fara ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa yana sayar wa masu kiwon kifi. Ya riga ya je ya koyo a wurin wani, ya gina kwami uku na siminti a bayan gida, ya yi musu rumfar zana.

Aikin yana da wasu sharuɗɗa biyu da sai da ya maimaita mini su kafin su zauna a kaina. Na farko, 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe ba sa rayuwa sai ana hura musu iska a cikin ruwa ba tsayawa. In iskar ta ɗauke a lokacin zafi, kafin ka je ka dawo sun mutu. Na biyu ya fi ba ni mamaki. Macen tarwaɗa allura ake yi mata, a matse ƙwan, a mayar da ita ruwa lafiya lau. Namiji kuwa ba ya matsuwa, sai an yanka shi an fasa cikinsa an ciro abin da za a zuba wa ƙwan. Yaya yana da matan tarwaɗa uku da namiji guda ɗaya tak, wanda ya shekara biyu yana kiwo. Sauran duk sun bi ruwa ranar da ambaliya ta haura kududdufinsa.

Ɗan injin da ke hura iskar ƙaramar wuta yake sha, irin ta batirin mota. Akwatin da nake magana a kai shi ne ke karɓar wutar janareta ya sauko da ita daidai bakin injin. Na hannu ne, a kasuwar gwanjo ya samo shi. A gefensa an rubuta cewa yana ɗaukar wuta tun daga bolt casa'in har zuwa ɗari biyu da sittin da huɗu, wato ko ta yi sanyi ko ta yi ƙarfi bai dame shi ba. Ni na karanta wa Yaya rubutun, na kuma ce masa ya yi dace. Bai yi kwana uku yana gwada shi a ruwan da babu kifi ba, akwatin ya yi wata 'yar ƙara ya mutu.

Ya kawo mini shi a cikin buhun taki. Ina buɗewa na ga abin da na yi tsammani. Babban taransistan da ke kunna wutar yana kashewa ya fashe, fis ya ƙone, wani ɗan razista da ke ƙafarsa ya yi baƙi. Na canza su duka, aikin da bai kai na sa'a ɗaya ba. Ina cikin share allon da aka dasa kayan a kai sai na ga wani ɗan kondansa shuɗi kusa da taransifoma, bai fi ƙwayar wake ba, ya tsage gida biyu. Na duba gwangwanin da nake tara irinsu, ban ga mai lambarsa ba. Sai na sa ƙarfen dalma na cire shi na jefar.

Ba ni kaɗai ke wannan ba, kada a ce. Haka ubangidana ya koya mini, haka kowa ke yi a layinmu. In ƙaramin abu ya lalace ba ka da madadinsa, ka cire shi ka kunna. In na'ura ta tashi, to dama ba shi da wani aiki, kayan ado ne masu kamfani suka liƙa don su cika allo. Kuma kusan kullum tana tashi. Na jona akwatin ta cikin ƙwan fitila, kamar yadda muke yi don kada sabon taransista ya tafi a banza in da sauran matsala. Ƙwan ya yi haske ya dushe, mita ta nuna wutar da ake so. Na bar shi yana aiki har la'asar, ko ɗumi bai yi ba. Na miƙa wa Yaya na ce an gama.

Bayan mako ɗaya sai ga buhun taki ya dawo. Taransistan ne dai ya sake fashewa, a wuri ɗaya, iri ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba na son aiki ya dawo mini, balle na ɗan'uwa. Na ɗora laifin a kan taransistan, na ce jabu ne, kasuwa ta cika da su, ana goge lambar ƙarami a buga ta babba. Na zagi mai sayarwa a bayan idonsa son raina. Na yi wa wani abokina da ke Kano waya ya nemo mini na ƙwarai, cirar tsohuwar na'ura, ya ba direba ya kawo mini.

A wannan karon ban yi ha'inci ba, Allah ya sani. Na bi allon da mita ƙafa da ƙafa. Na gwada dayod huɗun da ke bakin shigar wuta, na gwada babban kondansa, na canza 'yar ƙwaƙwalwar da ke ba taransista umarni duk da ban kama ta da laifi ba. Na ciro taransifoma na shinshina, babu ƙauri. Na goge ƙarfen da ke shanye zafi na shafa masa man gaske, ba man goge haƙoran da wasu ke shafawa ba. Na sake bin duk wata dalma da ta yi fari. Idona ya bi ta kan wasu ramuka biyu da babu komai a cikinsu, ya wuce. Na ɗaura masa ƙwan fitilar mota guda biyu don ya ji nauyi, na bar shi yana ja duk lokacin da aka kawo wuta, har kwana uku. Ko gezau bai yi ba.

Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne irin wutar da nake gwajin da ita. Mu a layinmu ba mu san wuta ta yi yawa ba. Kukanmu kullum shi ne ba ta da ƙarfi, fanka tana juyawa kamar mai jin barci, ƙarfen dalma sai ka yi ta jira kafin ya yi zafi. Da wuya mitata ta haura ɗari da sittin a rumfar nan. A tunanina, kuma a tunanin duk wanda na sani, na'urar da ta jure wannan raunanniyar wutar ta ci jarrabawa mafi wuya.

Ranar da Yaya ya zo karɓa, bai ɗauki akwatin nan take ba. Ya zauna a bencina yana jujjuya hularsa a hannu. Ya ce matan tarwaɗar sun cika da ƙwai, in aka ƙara jinkiri za su zubar da shi a banza, ga bazara ta kankama. Sannan ya dube ni.

"Auta, ka tabbata? In na yanka namijin nan, ba ni da wani."

Tambayar ta sosa mini rai. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ji kamar raina ni ya yi a gaban maƙwabtana. Na ce masa shekara nawa ina wannan aiki, ya taɓa jin an ce na kashe wa wani kaya? Na bugi ƙirji na ce in akwatin nan ya sake mutuwa in daina gyara in koma tallan goro. Ya yi ɗan murmushi, ya ce ba sai an kai ga haka ba, ya sa shi a buhu ya tafi.

Ya ƙara gwada shi kwana uku a ruwan da babu kifi, bai yi komai ba. Na je ƙauye ranar yankan, ranar Litinin da safe. Namijin ya kai tsawon hannuna, baƙi wuluk, gashin bakinsa kamar igiya. Yaya ya rufe masa ido da tsumma, ya yi bisimilla, ya yanka. Na ga yadda ya zuba ruwan da ya ciro daga cikinsa a kan ƙwan da ke cikin kwano, ya gauraya da gashin kaza a hankali, ya shimfiɗa a kan raga a cikin kwami. Injin iska yana ta ɓulɓul, akwatina yana rataye a jikin ginshiƙi da 'yar koriyar fitilarsa. Matar Yaya ta yi mana farfesun namijin da rana. Tana ta tsokanata wai injiniyan birni ya zo cin kifin ƙauye, in ci a hankali kada ƙaya ta kama ni a rasa mai gyara. Na ci na ƙoshi, har da ƙari.

Washegari da yamma ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kamar yaro. Ya ce ƙwan sun fashe, kwami uku duk sun yi baƙi da 'ya'yan kifi, ƙanana kamar tsinken tsintsiya, suna ta kaɗa jela. Ya ce har wani mai kiwo daga Kafin Hausa ya ce a ajiye masa. Laraba ta wuce lafiya, Alhamis ta wuce lafiya. Ni kuma ina rumfa ina ba maƙwabta labari ina hura hanci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce, babu tsokana a muryarta. Ta ce in zo. Na tambaye ta me ya faru, ta ce in dai zo. Na rufe rumfa na tari ɗan acaɓa.

Tun daga nesa na ji ƙarar janareta, sai na ɗan ji sanyi, na ce ashe ba wuta ba ce. Ita ma matar Yaya abin da ya yaudare ta ke nan. Yaya ya cika tankin janareta da mai da hantsi, ya duba kifinsa, ya yi wanka ya tafi masallacin Juma'a a Auyo. Ya bar mata sallahu cewa in ta ji janareta ya tsaya ta tashe shi. Janareta kuwa bai tsaya ba. Tana cikin gida tana aikinta tana jin ƙararsa, alhali 'yar koriyar fitilar ta mutu tun bai kai bakin titi ba.

Na sami Yaya a tsugune da kayan Juma'arsa, ya naɗe hannun riga, yana kwashe 'ya'yan kifin da ƙwarya yana zubawa a bokiti. Sun yi fari sun kwanta a ƙasan kwami kamar dusa. Ruwan ya yi ɗumi, ya fara wari. Na yi masa sallama ya amsa bai ɗago ba. Na ciro mita daga aljihu don kawai in samu abin yi.

Na dangwala ta a bakin janareta. Abin da na gani ya sa na sake dangwalawa. Ɗari biyu da hamsin da takwas. Na ce a kunna babban famfon da ke jawo ruwa daga rijiya zuwa tanki. Ana kunnawa wutar ta sauko ɗari biyu da ashirin, ana kashewa ta sake haurawa. Na tambayi Yaya ko ya taɓa janaretan. Ya ce eh, tun farkon rani da ruwan rijiya ya yi ƙasa famfo ya kasa ja, ya ɗaure 'yar ƙusar da ke ƙara wa injin gudu. Haka duk manoman fadama ke yi in famfo ya yi kasala, shi ma a wurinsu ya gani.

Nan na samu inda zan sauke abin da ke cina. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ɗaga murya a gidan Yayana, a gaban matarsa, a kan gawar kifinsa. Na ce wa ya aike shi taɓa abin da bai sani ba, me ya hana ya gaya mini, ga shi wutar ta yi yawa ta kashe mini aiki. Ya ci gaba da kwasa har na gama. Ya ajiye ƙwaryar ya goge hannu a jikin riga.

"Ashe ni na kashe su da hannuna," ya ce. "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Na ɗauko akwatin na dawo Haɗeja, na jefa shi ƙarƙashin tebur. Na yi kwana biyar ban taɓa shi ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ran na shida ina neman wani abu sai idona ya faɗa kan rubutun gefensa, wanda ni da bakina na karanta wa Yaya. Ɗari biyu da sittin da huɗu. Mitata kuwa hamsin da takwas ta nuna. Wutar janaretan ta yi ƙarfi, gaskiya ne, amma ba ta wuce abin da aka gina akwatin ya ɗauka ba. Ya kamata ya rayu.

Na buɗe shi, na ɗauki fensir da bayan kwalin sigari, na zana hanyar wutar tun daga taransifoma har ƙafar taransista, abin da ban taɓa yi wa wata na'ura ba. Hanyar ta bi ta wani dayod, ta bi ta wani razista, ta zo ta tsaya a ramuka biyun nan. Nan ne na cire ɗan kondansan na jefar. Na daɗe da jin ana cewa duk lokacin da taransista ya katse wuta, kuma sau dubbai yake yi kafin ƙiftawar ido, taransifoma takan mayar masa da harbi. Ɗan kondansan nan shuɗi shi ke shanye harbin. A raunanniyar wutar rumfata, ko babu shi, harbin ba ya kai inda zai yi ɓarna. A cikakkiyar wuta kuwa, duk sa'ad da Yaya ya kashe babban famfo, taransistan shi kaɗai yake shan dukan. Na sani a kai, ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba, don ban taɓa ganin cikakkiyar wuta ta daɗe a gabana ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na Kanon nan da na yi ta alfahari da shi. Don na ƙwarai ne ya jure kwana da kwanaki yana shan duka. Da jabu na sake sawa, da ya fashe tun ana gwaji a ruwan banza, da namijin nan yana nan yana iyo.

Na jawo kwalin matattun allunan talabijin da ke ƙarƙashin ƙafata, wanda kullum nake ɗora ƙafa a kai. A allo na biyu na samu kondansa mai lambar da ake so. Ban yi minti biyar ina nema ba. Na dasa shi, na sa sabon taransista, na ari janaretan mai walda na ɗaure masa ƙusa har mita ta kai inda ta kai a ƙauye. Akwatin ya yini yana aiki, ya sake yini, na kunna na kashe har na gaji. Ko ɗumi bai yi ba.

Na yi mako biyu ina kai da kawowa a raina. Matata ta ce in yi shiru, abin da ya wuce ya wuce, faɗar ba za ta tashi kifi ba. Ni kuwa na kasa cin abinci da daɗi. In na tuna yadda ya ce da hannunsa ya kashe su sai in ture kwanon. Wata Asabar na sa akwatin a jaka na hau acaɓa.

Na tarar kwami ukun a bushe, kaji suna kwance a cikin ɗaya. Matan tarwaɗar uku suna kan ragar banda, hayaƙi yana tashi. Yaya yana zaune a gindin darbejiya yana ɗinke tsohuwar komarsa ta kamun kifi. Ya ce zai bi wasu 'yan garinmu su yi gabas, an ce can da sauran ruwa, zai yi wa wani mai jirgin kamun kifi aiki. Mutumin da ya haura hamsin, wanda bai taɓa yi wa kowa barantaka ba.

Na zauna a ƙasa kusa da shi na faɗa masa komai. Na nuna masa ramukan, na nuna masa ɗan abin da na dasa, na ce janaretansa ba shi da laifi, shi ma ba shi da laifi, ni ne. Na ce ya yafe mini ihun da na yi masa. Ya karɓi akwatin ya daɗe yana kallon ɗan kondansan, ya taɓa shi da farcen babban yatsa.

"Wannan ɗan abin?"

Na ce shi.

Ya miƙo mini akwatin, ya ɗauki allurarsa. Ya yi ɗinki uku ko huɗu kafin ya sake magana, kuma bai dube ni ba.

"Na yafe maka, Auta. Amma da ka bar ni da laifina. Na riga na samu inda na ajiye shi."

Na ce ya riƙe akwatin, yanzu ya gyaru har abada. Ya ce me zai hura wa iska da shi? Matarsa ta kawo mini ruwa a kwano, ta koma ciki. Da zan tafi ta ƙunsa mini bandar kifi ɗaya a takarda, na rasa yadda zan ƙi karɓa.

Ban koma tallan goro ba, ina nan a rumfata. Na daina cire abu in bar ramin a buɗe, kuma duk na'urar da ta shigo sai na gwada ta a wuta mai ƙarfi kafin ta fita. Maƙwabta suna ce mini mai tsirfa. Akwatin yana kan kanta, shi ke juya 'yar fankar da nake shan iska da ita, shekara da shekaru bai taɓa tsayawa ba.

Yaya yakan dawo gida da damina, ya koma gabas in ruwa ya janye. Muna gaisawa, muna zaman makoki da na suna tare, har yanzu Auta yake ce mini. Bara wani ɗan garinmu ya gaya mini, ba da wata manufa ba, cewa ya gamu da shi a kasuwar Kafin Hausa riƙe da rediyonsa, yana tambayar inda mai gyara yake.